Da Me Ake Auna Yaron da Zai Yi Nisa a Ƙwallo? Sharhi Daga Filayen Tambuwal da Kebbe

A kowane gari na kudancin jihar Sakkwato, daga Tambuwal da Dogon Daji da Sanyinna har zuwa Kebbe da Kuchi, akwai yaro guda da kowa ya san sunansa saboda ƙwallo. Shi ake jira kafin a take wasan bayan la'asar a filin makaranta, shi unguwanni ke rububin ɗauka in gasar hutu ta zo, kuma a kansa ake yanke hukuncin da aka saba: "Wannan yaro Turai za shi." Maganar tana da daɗin ji, amma tana da nauyi. A kanta wani ya bar aji, a kanta wani uba ya sayar da gona. Don haka ya kamata a tsaya a tambaya: da wane ma'auni aka auna shi? Wa ya yi awon, sau nawa ya gan shi, kuma da su wa ya gan shi yana karawa?

Ra'ayina shi ne abin da ido ke kamawa a wasa ɗaya, wato girman jiki da gudu da ƙarfin shuri, shi ne mafi raunin hujja a kan makomar yaro ɗan sakandare. Abin da ke kai shi nesa sai an daɗe ana kallo, an rubuta, an kuma san shekarunsa na gaskiya. Ido muna da shi a wannan yanki. Rubutu da haƙuri da hanya su ne suka yi mana ƙaranci.

Inda awon yaro ya zama sana'a

Babu ƙasar da ta mayar da tantance ɗan wasan sakandare sana'a kamar Amurka, musamman a wasansu na ƙwallon da ake runguma a ruga da ita, mai kama da zari-ruga. 'Yan wasa 11 ne a kowane ɓangare, kuma ana ba masu kai hari dama 4 su ci yadi 10 na fili. Duk harin yana ratsawa ta hannun mutum ɗaya da suke kira kwatabak. Shi ke karɓar ƙwallo a farkon kowane yunƙuri, ya karanta yadda abokan hamayya suka jeru, ya zaɓi wanda zai jefa wa, duk a cikin daƙiƙa 3 ko ƙasa da haka, ƙarti kuma na rugowa su kayar da shi. Idan ya yi kyau ƙungiya ta yi kyau, idan ya rikice kowa ya rikice.

Yara fiye da miliyan 1 ke buga wannan wasa a sakandaren Amurka, kuma hanyar zuwa gasar ƙwararru ta NFL tana bi ne ta jami'a, domin ba a ɗaukar ɗan wasa sai ya yi shekara 3 da barin sakandare. Wannan ya sa jami'o'i ke zawarcin yara tun suna aji, suna yi musu tayin karatu kyauta. Akwai kamfanoni irin su Rivals da 247Sports da suka shahara wajen jera yaran ƙasar bisa daraja, suna ba su taurari har zuwa 5. Waɗanda ke samun taurari 5 a shekara ba su cika wuce 30 da 'yan kai ba. Akwai kuma sansanin Elite 11, wanda tun 1999 yake tara fitattun masu jifa na sakandare wuri guda a gwada su.

Mai tantancewa a can yana auna tsawo da nauyi da faɗin tafin hannu da gudun yadi 40. Bayan haka sai ya zauna da faifan bidiyon wasannin yaron na kaka guda. Yana duba ko jifar tana isa hannun mai gudu ba tare da ya rage sauri ba, ko yaron yana sakin ƙwallo tun kafin abokinsa ya juyo, ko idanunsa na komawa kan na biyu da na uku idan an tare na farko, ko ƙafafunsa na tsayawa daram lokacin da ya san duka na tafe. Daga nan ya je makarantar ya tambayi koci da malamai halin yaron. A ƙarshe ya nemi sakamakon jarrabawa, domin hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta shar'anta darussa 16 da wani mizanin maki kafin yaro ya buga wa babbar jami'a wasa.

Abin da awon ya kasa kamawa

Duk da wannan tanadi, suna kuskure, kuma kuskuren nasu ya fi nasararsu amfani a gare mu. Kwatabak Josh Allen ya tashi a gonar iyayensa a Firebaugh, wani ƙaramin garin manoma a jihar Kalifoniya. Ya gama sakandare babu babbar jami'a ko ɗaya da ta yi masa tayin karatu. Garinsu ba ya kan hanyar masu farautar 'yan wasa, jikinsa bai gama cika ba, kuma bai yi yawon sansanoni kamar 'ya'yan birni ba. Sai ya shiga ƙaramar kwaleji a Reedley, ya riƙa aika wa kociyoyi saƙo da bidiyonsa, har jami'ar Wyoming ta ɗauke shi. A 2018 shi ne na 7 da aka zaɓa zuwa NFL, kuma a kakar 2024 aka ba shi kyautar ɗan wasan da ya fi kowa. Tom Brady kuwa, shi ma kwatabak, bayan shekarunsa a jami'ar Michigan, sai da aka zaɓi mutum 198 kafin a zo kansa a shekarar 2000. Ya yi ritaya da kofin gasar NFL, wato Super Bowl, guda 7.

Darasi biyu ke nan. Na farko, nisa da birni yana ɓoye yaro ko a ƙasar da ake ɗaukar wasan sakandare a bidiyo, balle a Kebbe. Na biyu, abin da ya fi wuyar aunawa, wato saurin fahimta da juriya da son koyo, shi ne ke raba waɗanda suka tsaya a hanya da waɗanda suka isa.

Namu jagoran fili

A ƙwallon ƙafarmu, wanda ya fi kama da kwatabak shi ne ɗan wasan tsakiya mai raba ƙwallo, wanda hari ke farawa daga ƙafarsa. 'Yan kallo sun fi yi wa mai yanka ihu, wanda zai kwantar da mutum uku ya ɗaga ƙura. Mai tantancewa na gaskiya yana kallon yaron ne tun ƙwallo ba ta zo masa ba. Shin yana waiwayawa ya ga wanda ke bayansa kafin a ba shi fasin? Yana karɓa da jiki a buɗe, fuskarsa na kallon gaba, ko kuwa sai ya tsayar da ƙwallo sannan ya fara tunanin inda zai kai ta? Taɓawarsa ta farko tana fitar da shi daga matsi ko tana jefa shi ciki? Yana iya amfani da ƙafarsa mai rauni idan dole ta kama? Idan ya ba da fasin, yana motsawa ya nemi gurbi ko yana tsayawa yana kallon aikinsa?

Sai kuma daƙiƙu biyar da ke biyo bayan ƙwace masa ƙwallo. A nan hali ke fitowa fili. Wani zai juya ya bi ta da gudu, wani zai ɗaga hannu yana zargin abokinsa ko alƙalin wasa. A kalle shi ranar da aka zura musu biyu kafin hutun rabin lokaci. A kalle shi ranar da koci ya ajiye shi a benci. A tambayi mai horar da shi ko yana zuwa atisaye ran da babu 'yan kallo, a tambayi malaminsa na aji ko yana karɓar gyara. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma sai wanda ya halarci Larabar.

Filayenmu ma suna da nasu tasiri a kan awo. A fili mai rairayi da tsakuwa ƙwallo ba ta tafiya a miƙe, don haka yara kan saba da doguwar shura sama. Yaron da ya iya kwantar da ƙwallo a irin wannan fili yana da baiwa ta gaske. Amma wanda bai taɓa taka ciyawa ba, in aka kai shi filin wasa na Giginya a Sakkwato aka ba shi minti 20 ya nuna kansa, da takalmin aro a ƙafarsa, ba a yi masa adalci ba. Gwajin yini ɗaya ya fi auna sabo da wuri fiye da iyawa.

Haka kuma kada a ɗaure yaro a gurbi ɗaya tun da wuri. Shehu Abdullahi, ɗan Sakkwato, ya buga tsakiya ya kuma buga baya ta dama, kuma wannan sassauci na cikin abin da ya sa masu horarwa suka riƙa dogaro da shi tun daga Kano Pillars har zuwa tawagar da ta ciyo wa Najeriya tagulla a gasar Olamfik ta 2016 a Brazil, da wadda ta je gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha.

Shekaru: tushen duk wani awo

Duk abin da aka lissafa a sama ba shi da ma'ana idan ba a san shekarun yaro ba. Saurayi ɗan 20 da aka sa cikin 'yan 15 zai yi kama da gwani ko da bai iya komai ba, domin ƙarfi da gudu kaɗai sun ishe shi. Ran da ya haɗu da sa'o'insa sai asiri ya tonu, alhali ya riga ya tare gurbin ƙaramin da ya fi shi basira.

Najeriya ta ɗanɗana kuɗar wannan. Ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau 5, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, abin da babu ƙasar da ta yi. Amma a 1989 hukumar FIFA ta dakatar da ita na shekara 2 daga gasannin matasa saboda saɓanin ranakun haihuwa a takardun wasu 'yan wasa. Daga gasar 2009, wadda aka yi a nan Najeriya, FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI, domin ƙashin yakan gama haɗewa ne idan yaro ya girma. A 2016, 'yan wasa 26 daga sansanin tawagar 'yan ƙasa da 17 suka faɗi wannan gwaji gab da karawa da Nijar, kuma Nijar ta fitar da Najeriya daga gasar share fage ta Afirka, shekara guda kacal bayan ta ɗauki kofin duniya.

A ƙauyukanmu matsalar ba kullum ƙarya ba ce. Yara da yawa an haife su a gida, ba a yi musu rajista ba, sai dai a ce shekarar ambaliya ko shekarar zaɓe. Sai ranar da ake buƙatar takarda a je kotu a yi rantsuwa, a rubuta abin da ya dace da buƙata. Maganin yana hannun iyaye tun da wuri: takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, katin rigakafi, da rajistar shiga firamare. Waɗannan takardu, in suka dace da juna, sun fi duk wata rantsuwa ƙarfi.

Ko a tsakanin yaran da shekarunsu ke daidai, girma ba ya zuwa lokaci guda. Wani ya balaga a 13, wani sai 16. Manomin da ke zaɓen irin gero ba ya bin karan da ya fi tsawo a tsakiyar damina, yana jira ne ya ga zangarniyar da ta cika. Ƙaramin yaro da ke iya zama a fili tare da manya, yana tsira da wayo da saurin tunani, shi ya fi cancantar a sa masa ido, domin jiki zai zo daga baya ya tarar da basira tana jiransa. A nan kuma dole a tuna da abinci. Yaron da ya yi yini a gona ko a fadama, ya zo fili da kokon safe a cikinsa, ba a san iyakar ƙarfinsa ba tukuna.

Da wa ya kara?

Ƙwallo 15 a gasar unguwa da ƙwallo 5 a gasar jiha ba ɗaya ba ne. Masu tantancewa a Amurka kullum suna tambayar ƙarfin makarantun da yaro ya kara da su, mu ma ya kamata mu yi. Abin da ya sa Turai ta waiwayi Ahmed Musa shi ne ƙwallo 18 da ya zura wa Kano Pillars a kakar 2009/2010 ta babbar gasar ƙasa, a gaban manyan masu tsaron baya, gida da waje. Hujja ce da aka rubuta, kowa na iya dubawa.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Zaidu Sanusi, ɗan Jega a jihar Kebbi, garin da ke kan titin da ya ratsa Tambuwal daga Sakkwato. Bai faɗo ƙungiyar FC Porto ta Fotugal daga sama ba. Ya yi shekaru a Mirandela, ƙaramar ƙungiya da ke mataki na uku na gasar Fotugal a lokacin, sannan Santa Clara ta ɗauke shi a 2019, sannan Porto a 2020. A watan Mayun 2022 shi ya zura ƙwallon da ta doke Benfica a gidanta a mintunan ƙarshe, wadda ta tabbatar wa Porto kofin gasar. A kowane mataki an sake auna shi da waɗanda suka fi na baya ƙarfi, ya kuma tsallake. Matakala ke nan, kuma yaron Kebbe ma irinta yake buƙata: daga gasar makarantu zuwa ta ƙaramar hukuma, zuwa ta jiha, zuwa irin gasar kofin Ramat da ake yi wa matasa a Kano, zuwa ƙananan rukunan gasar ƙasa da ƙungiyoyi irin su Sokoto United. Wanda ya yi wa yaro alƙawarin tsallake duk waɗannan a tashi ɗaya, a bincike shi.

Aji da fili

Abin da ya fi cancantar koyi a tsarin Amurka shi ne yadda aka ɗaure wasa da karatu. Mafi yawan yaran da jami'o'i ke ɗauka ba sa kai wa ga NFL, amma da yawansu suna fita da digiri. Tsarin yana da nasa aibi, domin kuɗi sun yi masa yawa, musamman tun 2021 da aka halatta wa ɗalibai karɓar kuɗin talla da sunansu. Duk da haka, yaron da gwiwarsa ta lalace yana da abin komawa.

A wurinmu hanyar ƙwallo da hanyar makaranta sun rabu, sai yaro ya ga kamar dole ya zaɓi ɗaya. Alhali akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Jami'ar Jihar Sakkwato, da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, kuma akwai gasar wasannin jami'o'i ta NUGA. Babu abin da zai hana waɗannan makarantu su riƙa tura malaman wasanni kallon gasar sakandare a ƙananan hukumomi, su kuma tallafa wa yaron da ya cika sharaɗin kiredit 5 da makin JAMB da kuɗin makaranta ko masauki. Ran da yaro ya san cewa lissafi da Turanci na cikin ma'aunin da za a auna shi da shi a fili, ranar zai daina guje wa aji. Karatun ma yana aiki a cikin wasan kansa: fahimtar umarnin koci, koyon sabon harshe, da karanta kwantiragi kafin a sa hannu.

Dillalai da takarda

Inda babu tsari, 'yan damfara ke cike gurbi. Mutum zai zo da hotunansa da wasu Turawa a waya, ya ce akwai gwaji a waje, a kawo kuɗin fom da biza da jirgi. Yaran Afirka da yawa sun ƙare a yashe a ƙasashen da ba su san kowa ba ta wannan hanya. Iyaye su riƙe abu biyu. Dokar FIFA ta hana sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, in ban da wasu 'yan keɓantattun dalilai. Ahmed Musa kansa sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta ƙasar Holan wasa. Sannan ƙungiyar da ke son yaro da gaske ita ke ɗaukar nauyin ganinsa, da takardar gayyata da za a iya tabbatarwa ta hannun hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha.

Masu horarwa na unguwa kuma su san cewa takarda tana da riba. A dokar FIFA, idan aka sayar da ƙwararren ɗan wasa, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Amma ƙungiyar da ba ta yi rajista ba, ba ta kuma yi wa yaranta rajista ba, babu sunanta a tarihin ɗan wasan. Kocin da ya yi shekaru yana sayen ƙwallo da kuɗin aljihunsa zai iya tashi a tutar babu saboda rashin fom guda.

Abin da za a iya farawa da shi

Ba sai an jira babbar makarantar horo ba. Sakandaren Tambuwal da Kebbe za su iya yin gasa mai tsari a kowane zango, a raba ta bisa shekaru, a kuma hana wanda ba ɗalibi ba shiga. A tsara wasannin da rana, a wuraren da hanya ke da aminci, saboda halin tsaro da wasu ƙauyukan yankin ke ciki. Kowane malamin wasanni ya buɗe littafi: sunan yaro, ranar haihuwa, tsawo da nauyi sau biyu a shekara, wasannin da ya buga, da sakamakon jarrabawarsa. A ɗauki cikakken wasa da waya daga wuri mai tudu, ba guntayen yanka kaɗai ba, domin cikakken wasa ne ke nuna abin da yaro ke yi in ƙwallo ba ta ƙafarsa. Kada mutum ɗaya ya yanke hukunci, kuma kada ɗan'uwan yaro ya zama alƙalinsa. Shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisa da ke sa kofi a lokacin siyasa, da za su mayar da rabin kuɗin wajen horar da kociyoyi da gyaran filin makaranta, da amfanin ya fi daɗewa.

Daga ƙarshe, awo amana ce. Wanda ya ce wa yaro ɗan 16 "ka iya" ko "ba ka iya ba" ya taɓa rayuwarsa da ta iyayensa. Haƙƙin yaron ne a kalle shi sau da yawa kafin a yi magana, a faɗa masa gaskiya a kan ƙarfinsa da rauninsa, a kuma gaya masa cewa a cikin ɗaruruwan da ke cika filayen nan, ƙalilan ne za su ci abinci da ƙwallo. Wanda ya cancanta a buɗe masa mataki na gaba, a sake auna shi a can. Wanda bai kai ba a sallame shi da mutuncinsa, da lafiyarsa, da takardar makarantarsa a hannu. Mai tantancewar da ya yi wa yara biyun nan adalci shi ne ya iya aikinsa.